Wanzamin da Ya Bar Cin Gishiri

Idan kana neman Nagoggo Wanzami a Jibiya, kada ka wahalar da kanka zuwa gidansa. Matarsa ma tambayar mutane take yi. Da an sallame sallar asuba zai rataya zabira ya fita, kafin hantsi ya riga ya isa bakin iyaka, inda motocin gyaɗa masu fitowa daga Maraɗi ke jeruwa suna jiran mu ma'aikatan kwastan mu gama shan koko. Nan zai aske direbobi a kan matakalar mota, ya aske fataken gishiri a gefen raƙumansu, ya tsallaka wajen duwan, wato 'yan kwastan na ƙasar Faransi, ya gyara musu gemu, ya dawo. Ba mai tambayarsa takarda, don duk wanda zai tambaya kansa yana hannunsa. Daga nan sai askin suna a Riko, ko kaciya a Daddara, ko wata tsohuwa mai son ƙaho a Gangara. Fura a tsaye yake shanta. Idan ka fara ba shi labari, to ka fara daga ƙarshe, don ba zai kai tsakiya ba.

Watan jiya ya ajiye aska. Hannu ya fara rawa, shi kuwa ya ce ba zai jira sai ya yanke wa wani kunne ba. Na zuba ido in ga ko za a yi masa wani abu. Shiru. A garin nan idan mutum ya sayi sabuwar mota maroƙa sai sun toshe mana kunne, amma mutumin da ya riƙe kawunanmu tun muna jarirai ya sauka, ko kalangu ɗaya ba a buga ba. Abin ya ƙona mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami a wannan shekara ta 1959. Ba zan lissafa jariran da ya aske ba, ban san yawansu ba, shi ma bai sani ba. Labarin yaro ɗaya zan bayar, Uwaisu ɗan Kalilu mai gishiri, wanda da ba don Allah ya sa Nagoggo a hanyarsa ba, ina jin da yanzu an daina ambatonsa.

Kowane wanzami da yadda yake riƙe kai. Wani ya danne maka ƙeya kamar zai yanka ka, wani ya kama kunne. Nagoggo yakan ɗora tafin hagunsa a saman kai, babban yatsansa ya sauka daidai gefen goshi, inda jijiya ke motsi. Ba don wani ilimi ya fara haka ba, haka ubansa ya koya masa don kada kai ya kuɓuce. To amma mutumin da ya yi shekara da shekaru yatsansa na kan wannan jijiya, dole ya san yadda ta saba bugawa. Ya ce ta yaro takan yi sauri amma da laushi, ta tsoho takan yi tauri. Sai dai akwai gida ɗaya a Jibiya da jijiyarsu ke ture masa yatsa.

Gidan su Kalilu ke nan. Tun kakanni fataucin gishiri da kanwa suke yi, ana kawo musu daga arewa suna rarrabawa har Katsina da Gusau. Zaurensu kantu-kantu ne na gishiri jere har rufi, yaran gidan kuwa da lasar kantu suke tasowa, yadda yaran wasu gidaje ke tsotson rake. Nagoggo ya gaji askin gidan daga ubansa. Ya ji wannan bugu mai ƙarfi a kan mahaifin Kalilu, wanda ya faɗi a kan buzunsa tun gemunsa bai yi furfura ba, ɓarin jiki ya shanye, bai tashi ba. Ya ji shi a kan wan Kalilu, shi ma haka ya tafi, yana ango. Ya ji shi a kan Kalilu kansa. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne Bawa, ɗan farin Kalilu da matarsa Barira, yaro mai ƙiba da fara'a. Ya yi ta ciwon kai da haɓo, aka yi ta kiran Nagoggo yana kafa masa ƙaho a ƙeya, ana cewa jini ne ya yi masa yawa. Wata rana yana wasa a ƙofar gida ya faɗi yana shure-shure. Bai kai shekara goma sha uku ba.

Mutanen gidan suna da sunan da suka sa wa abin: ciwon kan gida. Suna kuma da maganinsa, wanda Hajo mahaifiyar Kalilu ke riƙe da shi. Idan yaro ya ce kansa na sara, sai ta jiƙa kanwa mai kyau, ba irin wadda ake sayar wa talaka ba, ta ɗura masa don ta wanke jini. Ƙauna ce ta sa take zaɓo masa mafi ƙarfi.

Da damunar 1956 Nagoggo ya zo aske Uwaisu, ƙanen Bawa, yana da wajen shekara tara a lokacin. Ya ɗora yatsa, sai ya tsaya. Ya tambayi yaron, yaron ya ce kansa kan yi ciwo da safe, ƙafafunsa kan mutu idan ya yi gudu, kuma ruwa ba ya isarsa. Bai daɗe ba haɓo ya fara. Hajo ta jiƙa kanwa, Kalilu ya aika a kira wanzami. Abin da ya faru a zauren na ji shi daga bakin su biyun, kuma ba su saɓa ba.

Kalilu ya ce, "Baba Nagoggo, Inna ta ce a sa ma yaron ga ƙaho, kan ya dame shi."

Nagoggo bai ko sauke zabira ba. Ya ce, "Ba ni sa mai."

"Don mi?"

"Na sa ma ubanka. Na sa ma wanka. Na sa ma Bawa. Ina suke?"

Kalilu ya ce, "Kowa da kwanakinshi, Baba."

"Haka ne. Amma miƙo hannunka."

Ya kama yatsan Kalilu ya ɗora a gefen goshin Uwaisu. Ya kira wani ɗan maƙwabta da ke leƙe, sa'an Uwaisu, ya ɗora yatsan a nasa. Sannan ya mai da shi kan Kalilu. Ya ce, "Ka ji bambanci? Ni ban san sunan abin ga ba, ban san maganinshi ba. Abin da na sani, ƙahona bai taɓa rage shi ba. A kai shi Katsina likita shi duba."

Kalilu ya fizge hannunsa. Ya ce, "Wato kana son a hwaɗi a kasuwa cewa jininmu na da cuta. Ina da ɗiya mata, Baba. Wa za ya aure su in maganar ga ta hita? Ni nan da kake gani, ba lahiya ta lau ba? Ɗauki zabirarka. Wanzamai ba su ƙare ba a Jibiya."

Haka aka kore shi daga gidan da ubansa ya yi wa aski. Aka kira wani ya kafa wa yaron ƙaho.

Wanda bai san wanzanci ba ba zai gane nauyin wannan ba. Gidan da ka gada shi ne rumbunka, shi ne kuma mutuncinka a cikin 'yan sana'a. Wanzamin da ya ce ƙaho ba ya magani kuwa, kamar mai fura ne ta tsaya a kasuwa tana cewa furarta ta yi tsami. 'Yan uwansa wanzamai suka ce tsufa ya fara taɓa shi. Shi ko bai kula su ba. Abin da ya dame shi yaron ne, kuma Nagoggon da dama ba ya zama sai ya koma kamar an zuba masa barkono a riga. Ya je wurin malamin disfensare, aka ce ba su da abin awon, sai Katsina, kuma sai da yardar uba. Ya je wurin limami ya sa baki, liman ya ce a yi haƙuri a bi a hankali. Ya tsallaka iyaka ya tambayi direbobin manyan motoci ko likitan Maraɗi na duba irin wannan. Duk inda ya fito sai ya bi ta ƙofar gidan Kalilu, ko da ba hanyarsa ba ce, ya rage tafiya, ya saurara, ya wuce. Ya rame. Ni da nake ba shi kaina kowane mako na fara jin tsoron askarsa, don idonsa na kan hanya.

Wata ranar kasuwa yana cikin yi mini aski a gindin bishiyar da ke gaban ofishinmu, ya gama ɓari ɗaya, sai ga wata mai nono ta fito daga gari tana ba wata labari cewa ɗan Kalilu ya faɗi a rumfar ubansa, yana shure-shure kamar yadda wansa ya yi. Nagoggo ya naɗe aska. Akwai wata motar gyaɗa da na riga na gama dubawa, direban na can yana cin goro. Ya ce mini, "Malam, sallami motar ga yanzu, ni za ta ɗauka." Na ce kaina fa? Ya ce, "Sa hula." Na yini da rabin kai, abokan aikina har yau ba su bar ni na huta ba.

Waɗanda ke kasuwa sun ce motar na tsayawa ya diro, ya ratsa taron. An zagaye yaron, wannan na cewa a kawo hayaƙi, wancan na cewa a yi tofi, Kalilu na durƙushe ya rasa abin yi. Nagoggo ya ture mutane gefe. Ya sunkuci yaron ya miƙa wa yaran mota a saman buhuna, ya hau, sannan ya waiwayo ya ce wa uban, "In za ka, hawo." Kalilu ya hau ba ko takalmi.

A asibitin Katsina yaron ya farfaɗo. Likitan, wani Bature marar yawan magana, ya ɗaura masa wani ƙyalle mai roba a damtse, wanda sai da aka ninka shi don na manya ne, ya hura masa iska yana kallon zaiba na hawa cikin kwalba. Ya sake. Ya koma ɗaya hannun. Ya sa aka kwantar da shi, aka yi ta awo ana duba fitsarinsa. Da ya ji ta bakin tafinta cewa wansa haka ya mutu, sai ya ce wa ya san mutanen gidan? Kalilu ya nuna Nagoggo da haɓa. Nagoggo ya faɗi waɗanda ya ji bugun a kansu da waɗanda bai ji ba, da yadda kowa ya ƙare. Likita ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce Kalilu ya naɗe hannun riga. Zaibar ta hau a kansa fiye da na ɗansa.

Abin da ya gaya musu shi ne wannan, yadda tafinta ya juya shi. Cutar ita ce hawan jini, wato jini na tafiya cikin jijiya da ƙarfin da ya wuce kima har wata rana ya fasa ta a cikin kai. Ya ce ba a saba ganin ta ga yara ba. Idan aka gan ta ga yaro, kuma ga ta ga ubansa da kakansa, to akwai dalili a cikin halittar jikin. Ya ce akwai wani ɗan nama a saman kowace ƙoda da ke zuba wani ruwa cikin jini, ruwan ke umartar jiki ya riƙe gishiri. Ga wasu mutane umarnin yakan yi yawa, jiki ya yi ta tara gishiri, gishiri ya tara ruwa, jini ya hau. Ya ce ba a daɗe da fara gane wannan ba ko a ƙasarsu, shi ma ba shi da kayan da zai tabbatar, zato ne mai ƙarfi yake yi cewa irinsa ke bin gidan. Ya ce ba shi da maganin da zai raba su da shi. Yana da ƙwaya da za ta rage, amma ƙwayar ba za ta yi komai ba matuƙar ana cin gishiri. Sai a cire shi daga abincin yaron ɗungum. Aka tambaye shi kanwa fa? Ya sa aka kawo masa ita ya duba, ya ce wannan ƙanwar gishiri ce, ita ma a bar ta.

Nagoggo ya ce Kalilu ya yi wata irin dariya da ba ta da daɗin ji. Ya ce, "Ni Kalilu mai gishiri, a gidana za a dahwa miya ba gishiri."

Don ɗansa ya yarda, don kansa ya ƙi. Suka dawo Jibiya, Barira ta ware 'yar tukunya. A nan ne fa aka gane cewa maganar likita a Katsina abu ne mai sauƙi. Miyar kuka ba gishiri ba kanwa, kowa ya san ba miya ba ce. Kuɓewa ta ƙi yauƙi, wake ya ƙi nuna. Wannan duk da sauƙi a kan ɗayar matsalar. A gidajenmu yaro ba ya cin tuwo shi kaɗai. Sa'o'i kan zagaye akushi ɗaya, a nan ake faɗa, a nan ake shiryawa. Wanda aka ware wa kwano, to ko dai kuturu ne ko mai tarin da ake gudu. Uwaisu ya ga an ajiye masa nasa a gefe, 'yan uwansa na can suna wawaso, suna kiransa Na-lami. Ya ture kwanon. Ya yini bai ci ba. Aka kama shi a zaure da harshe a jikin kantu. Kakarsa Hajo kuwa, da ta ga jikanta na zubewa, sai ta riƙa ɓoye ɗan gishiri a haɓar zane tana barbaɗa masa idan uwar ta juya baya. Ciwon kai ya dawo. Barira ta aika wa Nagoggo cewa ita ta gaji, abin ya fi ƙarfinta.

Kai ne, Nagoggo, ka shiga gidan da aka kore ka ba tare da kowa ya ce ka dawo ba. Ka iske yaron a bakin zaure ya haɗa kai da gwiwa, kwanon na gabansa ƙuda na bi. Ka sauke zabira, ka wanke hannu, ka naɗe ƙafa ka zauna. Kai da ba a taɓa ganin ka zauna ba. Ka gutsuri tuwon ka dangwali miyar ka kai baki, kuma waɗanda suka gani sun rantse fuskarka ba ta motsa ba, ko da yake daga baya ka gaya mini ka ɗauka ruwan wanke kwano ne. Ka ce masa, "Matso, kar in cinye." Ya matso.

Washegari ka dawo da rana, ka dawo da magariba. Ana haka sai yaron, da yake ba wawa ba ne, ya dube ka ya ce, "Baba, kai ai in ka tahi gida mai gishiri kake ci. Nan kawai kake yi don ni."

Ka ce, "Wa ya hwaɗa maka?"

Ya ce, "Na sani."

Ka ce, "To daga yau na bari. Nan da gida da ko'ina. Ran da ka ji an ce an ga Nagoggo ya ci gishiri, kai ma ka ci."

Ban sani ba ko ka auna maganar kafin ka faɗe ta. Ina zaton ba ka auna ba, don ba halinka ba ne. Wanzami fa rabin ladan aikinsa a baki yake shiga. Kowane suna akwai rabonsa na nama, kowane biki akwai akushinsa. Tun daga ranar, duk gidan da aka kawo maka abinci sai ka tambaya ko da gishiri, a ce wane irin zance ne wannan, ka ce to a ba yara. Wasu suka ji haushi, suka ce ka raina girkin matansu. Mahautan tasha da suka saba tsaga maka tsire suka riƙa yi maka tsiya, suna kaɗa maka shi a hanci. Duwan na ƙetare suka sa maka suna Malam Lami. Matarka ta zo har ofishinmu ta ce in yi maka magana, wai ita ba ta yi auren tukunya biyu ba. Na yi maka, ka ce in daina motsi kada ka yanke ni.

Kuma abin ya ɗaure ka. Mutumin da ke yini tsakanin Riko da Daddara yanzu dole rana tsaka ta same shi a ƙofar gida ɗaya, magariba ma haka. Na sha ganin ka kana dawowa daga ƙauye kusan da gudu, zabira na dukan haƙarƙarinka, zufa har cikin ido, don ka san in ba ka iso ba ba zai ci ba. Sunaye masu nisa ka bar wa wasu. Abin da ka rasa a wannan kai ka sani, ba ka taɓa faɗa ba.

Kai ne kuma ka gyara miyar. A Gangara akwai wata Bamaguza, Tasalla, da ka taɓa cin tuwonta, ka tuna ba ta sayen kanwa, ruwan tokar karan gero take tacewa ta sa a miya, ta yi yauƙi ta yi ɗanɗano. Da aka koma awo Katsina ka tafi da shi a 'yar kwalba, likita ya ce wannan ba dangin gishiri ba ne, a sa kaɗan ba laifi. Ka kawo Tasalla har cikin gida ta koya wa Barira. Hajo ta ce ita ba ta taɓa zaton za ta ga ranar da za a zuba toka a miya a gidan masu kanwa ba, abincin waɗanda ba su da ko anini. Ka ce mata, "Inna, ki bar shi shi ci abincin talakawa shi yi tsawon rai irin nasu." Ta zage ka tas. Amma da ta ga ciwon kan ya yi sauƙi, haɓo ya ɗauke, yaron ya fara bin 'yan uwansa da gudu, ita da kanta ta kwance haɓar zanenta ta zubar.

Kalilu ne ya fi wuya. Yakan fito ya wuce su a bakin zaure, tsoho da yaro a kan akushi ɗaya, ya ɗauke kai. Amma Jibiya ba ta iya ganin abu ta yi shiru. A kasuwa aka fara cewa ɗan Kalilu ya sami sabon uba. Wani abokin cinikinsa ya ce masa a gaban mutane, "Kai dai ka ji daɗi, kana cin mai daɗi, bare na ci ma ɗanka marar daɗi." Ran nan da rana ya fito, ya tsaya a kansu ya daɗe. Sannan ya ce wa ɗansa, "Gusa." Ya zauna ya sa hannu. Ya kai loma ɗaya ya ce, "Baba Nagoggo, wannan kake ci duk kwanakin ga?" Nagoggo ya ce, "Wannan ai an gyara shi. Ba ka ga na hwarko ba." Tun daga nan tukunyar gidan ta koma ɗaya, mai son gishiri shi ke barbaɗa nasa a gefe. Har yanzu Kalilu gishiri yake sayarwa, kuma ya fi kowa iya yabonsa ga mai saye.

Kada wani ya karanta wannan ya ce Uwaisu ya warke. Bai warke ba. Yana shan ƙwaya, ana kai shi awo, wani lokaci zaibar ta sauka, wani lokaci ta ba da tsoro. Akwai ranakun da kan ke sara masa har ya kwanta. Likita ya ce haka zai zauna da abinsa. Nagoggo ma, duk da ya ajiye aska, bai ajiye ƙafa ba. Yanzu ya matsa wa mai kitson gidan lamba ta riƙa taɓa gefen goshin 'yan matan, tun da shi ba ya taɓa kansu, kuma ya fara zancen dangin Kalilu da ke can ƙetaren iyaka. Na ce masa ya huta. Ya dube ni kamar na yi masa Faransanci.

Ku 'yan uwa masu karatu, ba na ce kowa ya bar gishiri ba, ni kaina ban bari ba. Cewa nake, idan akwai ciwon da ke bin gidanku yana ɗaukar mutane da ƙuruciyarsu, ku daina sa masa sunan gida kuna rufa masa asiri. Ku kai yaran a auna su. Ku kuma masu sana'ar da hannunku ke taɓa jikin mutane, wanzamai da ungozomomi da masu kitso, idan kun ji abin da bai yi muku ba ku faɗa, ko da za a ce ku ɗauki kayanku. In kun faɗa kuma kada ku tsaya nan, don faɗar ita ce mai sauƙi.

Shekaranjiya na raka shi gidan Kalilu, don na ce ina so in ji ta bakin uwar yaron kafin in rubuta wannan. Barira ta tsaya daga bayan asabarin zaure, muka gaisa. Na ce me za ta ce game da Nagoggo? Sai ta ce, "Malam, ran da na ji ya hwara cewa kanshi na ciwo irin na wanshi, na aika kasuwa an sawo mani hwarin alawayyo. Ban gaya ma kowa ba, har maigidan. Na ce kar a zo ana neman likkahwani a guje kamar wancan karon. Yana nan ƙarƙashin adakata tun sannan. Da azumin bana na hiddo shi na ba tela."

Ta kira Uwaisu. Ya fito sanye da farar riga, yana ta jan hannunta ƙasa, don tela ya auna shi tun da azumi, ga shi har ta fara ɗage masa.

Na juya in ga fuskar Nagoggo, sai na ga ya ba mu baya yana gyara igiyar zabirar da babu komai a cikinta. Mun gode, Nagoggo. Allah ya saka maka, ya ba ka tsawon ran da za ka ga rigar nan ta yi wa Uwaisu kaɗan har an ba ƙanensa.